Kwamfutar cinya da ke mutuwa da kanta: a gyara ta ko a sauya, kuma wane kamfani ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta cinya, wadda ta yi wajen shekara huɗu a hannunka, ta soma ɗaukewa ɗif a tsakiyar aiki, wani lokaci kuma in ka kunna ta fitilu su kama, fanka ta juya, amma sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Mai gyara ya duba ya ce madabod ne ya tafi, wato babban allon da sauran sassan kwamfuta ke maƙale a kansa, ya ba ka shawarar ka sayi sabuwa, shi ne kake tambaya ko hakan gaskiya ne, in kuwa saye ya zama dole, wane kamfani ne kayansa suka fi ƙarko. A ganina an yi gaggawar yanke hukunci. Alamomin da ka lissafa suna iya fitowa daga madabod, amma sun fi yawan fitowa daga zafi, ko batir da caja, ko RAM (sashen da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin) da bai zauna daidai ba, kuma dukkan waɗannan ana iya tantance su ba tare da an sayi komai ba.

Kafin ka taɓa komai, ka kwashe bayananka zuwa wata ma'ajiya ta waje a duk lokacin da kwamfutar ta yarda ta tashi. Idan Windows kake amfani da shi, ka shiga asusunka na Microsoft ka tabbatar ko an kulle ma'ajiyar da BitLocker, ka rubuta mabuɗin ceto mai lambobi 48 a takarda, domin kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan kulle a kunne ba tare da mai su ya sani ba, kuma da zarar an sauya madabod ko an cire ma'ajiyar an kai wata kwamfuta, ba za ta buɗe ba sai da wannan mabuɗin.

Mataki na farko shi ne a raba laifin manhaja da laifin gangar jikin na'ura. Kwamfutar da ke nuna shuɗin sikirin da rubutu sannan ta sake tashi, sau da yawa direba ce ta lalace, wato 'yar manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar, ko RAM, ko ma'ajiya. Wadda kuwa take ɗaukewa farat ɗaya ba tare da wani saƙo ba, kusan ko yaushe maganar wuta ce ko zafi. Domin ka tabbatar, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka bar ta a nan na rabin sa'a, ko kuma ka zuba Ubuntu, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan filas ka tashe ta daga gare shi ba tare da ka girka shi ba, ka sa ta aiki mai nauyi. Idan ta mutu a can ma, Windows ya kuɓuta daga zargi, kuma sake zuba shi ɓata lokaci ne. Na faɗi haka ne saboda mutane da yawa suna fara magani da goge kwamfuta gaba ɗaya, su rasa fayilolinsu, bayan kwana biyu ciwon ya dawo yadda yake.

Daga nan sai ka lura da lokacin da take mutuwa, domin a nan rabin amsar take. Shin sai ta ɗan yi aiki ta ɗau zafi, musamman lokacin kallon bidiyo ko kiran bidiyo ko wasa? Shin sai an zare caja? Ko kuwa sai an motsa ta, an ɗaga ta da hannu ɗaya ko an taɓa igiyar caji? Kowanne daga cikin ukun yana nuna wuri daban.

A kwamfutar da ta shekara huɗu ba a taɓa buɗe ta ba, zafi ne babban abin zargi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, tana zaune a ƙarƙashin wani farantin jan ƙarfe, daga shi bututu ya ɗauki zafin zuwa jerin siraran ƙarafa da ke bakin tagar iska, fanka kuma tana hura iska ta tsakaninsu. Yawancin furosesoshin Intel na kwamfutar cinya iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, na AMD ma kusa da haka. Idan sun doshi iyakar sai su rage gudu da kansu, idan hakan bai wadatar ba sai na'urar ta yanke wuta don kada ta ƙone. Wato mutuwar da kake gani tana iya zama kariya ce da aka gina a cikinta, ba lalacewa ba. Ka saukar da HWiNFO ko HWMonitor, dukansu kyauta ne, ka duba ma'aunin. Idan tana zaune ba wani aiki amma ta haura digiri 70, ko kuma da ka buɗe bidiyo ta yi tsalle zuwa 95 cikin daƙiƙoƙi, to ka kama ɓarawon. Ka kuma sa bayan hannunka a bakin tagar iska: fanka tana ihu amma iskar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba, alamar hanya ta toshe ce; fanka shiru alhali jikin ya yi zafi zau, alamar ita kanta ta mutu ce.

In aka buɗe irin wannan kwamfuta aka ɗaga fankar, abin da aka saba gani shi ne ƙura da gashi da zaren tufafi sun dunƙule a jikin siraran ƙarafan nan tamkar yankin bargo, har ana iya ɓare shi da yatsa ya fito gaba ɗayansa. Daga waje ba a ganinsa, shi ya sa hura iska ta taga ba ya cika isarwa. Bayan an cire shi, sai a kwance farantin da ke kan furosesa, a goge tsohon man sanyaya da ya bushe da sifirit na goge kayan lantarki, a sa sabo ɗigo kaɗan, a mayar da notukan bisa jerin lambobin da aka buga a jikin ƙarfen, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ana ɗaure kowanne kaɗan-kaɗan domin farantin ya kwanta daidai. Abu biyu ne ba a sakaci da su a wannan aiki. Na farko, da zarar an buɗe murfin ƙasa, a zare igiyar batir daga madabod kafin a taɓa wani abu, domin noti guda da ya faɗa kan allon da ke da wuta ya isa ya jawo abin da ake gudu, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na biyu, idan za a hura fanka da iska mai ƙarfi a riƙe fukafukanta da yatsa, kada ta yi ta juyi fiye da ƙima.

Idan kuwa mutuwar tana zuwa ne bayan an zare caja, batir ne. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, Windows zai fitar maka da rahoto. Ka kwatanta lambobi biyu a ciki, Design capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Batirin lityum yakan soma raguwa a fili bayan zagayen caji 300 zuwa 500, kuma wanda ya gaji yana iya nuna kashi 40 cikin ɗari, amma da furosesa ta nemi wuta da ƙarfi sai ƙarfinsa ya faɗi, na'ura ta ɗauke. Ka duba kuma ko faifan da ake shafawa da yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki a gefe. Wannan batir ne da ya kumbura, kuma ba a ci gaba da cajinsa, ba a danna shi, ba a huda shi. A cire shi a kai inda ake karɓar tsofaffin batura.

Caja ita ce abin da aka fi rainawa. A jikinta an rubuta bolt da wat ɗin da take bayarwa: galibin na Dell da HP masu zagayayyen baki bolt 19.5 ne, na Lenovo 20, ƙarfin kuma yakan zama wat 45, 65 ko 90. Bolt dole ya dace da na kwamfutar. Wat ɗin zai iya fin abin da take bukata, amma kada ya gaza. Cajar Dell da ta HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya wadda kwamfuta ke gane cajar da ita. Idan allurar ta lanƙwashe, ko cajar jabu ce, kwamfutar Dell takan nuna a BIOS cewa ba ta san cajar ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma danne gudun furosesa har mutum ya zaci na'urarsa ta tsufa. Masu amfani da USB-C su ma su sani cewa ba kowace caja da bakinta ya shiga ba ce take isarwa, cajar waya ba za ta riƙe kwamfutar da ke bukatar wat 65 ba, igiyar ma tana da iyakarta. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka ari caja ta asali mai irin ƙarfin taka ka yi yini da ita. Idan kuma fitilar caji tana kamawa tana ɗaukewa yayin da kake girgiza bakin cajar, ramin caji ne ya kwance, kuma a kwamfutoci da yawa wannan ramin a kan 'yar igiya yake wadda ake zarewa a sauya ba tare da an taɓa madabod ba.

Sai maganar baƙin sikirin. Ka fara da zare caja da duk abin da ke maƙale da kwamfutar, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan ka mayar da caja ka kunna. Wasu ThinkPad suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa allura a danna don wannan aikin. Idan bai yi ba, ka bar ta a kunne ka danna Caps Lock. Fitilarsa tana kamawa tana mutuwa? To mafi yawa na'urar ta tashi, hoton ne bai iso gare ka ba. Ka haɗa ta da talabijin ko wani sikirin ta HDMI. In hoto ya fito can, madabod da sashen zane suna aiki, laifin yana ga sikirin ko igiyarsa. Ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila a jikin sikirin daga gefe, ka matso sosai: idan ka hango inuwar rubutu ko tambarin kamfani dishi-dishi, hasken bayan sikirin ne ya mutu. Idan hoton yana zuwa yana tafiya gwargwadon yadda ka karkata murfin, igiyar da ta ratsa ta cikin hinji ce ta soma tsinkewa saboda yawan buɗewa da rufewa. Kwamfutocin Dell suna da gwajin sikirin na kansu: ka riƙe harafin D ka kunna, sai sikirin ya riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya idan lafiyarsa ƙalau.

Idan Caps Lock bai amsa ba, sikirin na waje ma shiru, to na'urar ba ta gama gwajin farko da take yi wa kanta ba, kuma RAM ne ya fi yawan jawo haka. Ka cire shi, ka goge bakinsa mai ruwan zinariya, ka mayar da shi a karkace ka danna har ƙugiyoyin gefe su yi ƙas. Idan guda biyu ne, ka gwada kowanne shi kaɗai, a kowane gurbi. Ka kuma ƙirga yadda fitilu ke ƙyaftawa, domin ba a banza suke yi ba: Dell na amfani da jerin ruwan goro da fari a fitilar batir, HP kuma da fitilar Caps Lock, kuma ma'anar kowane jeri tana cikin littafin gyaran samfurin. A ranar da ta yarda ta tashi, ka gudanar da gwajin da kamfani ya gina a ciki, F12 a Dell, Esc sannan F2 a HP, F10 a yawancin ThinkPad, ka rubuta lambar kuskuren da ya bayar. MemTest86 yana bincika RAM sosai idan aka bar shi ya kwana yana aiki, CrystalDiskInfo kuma yana nuna lafiyar ma'ajiya. Agogon da ke komawa baya duk lokacin da aka kashe na'ura ƙaramin batirin BIOS ne mai bolt 3, ba wani abin tashin hankali ba.

Sai bayan duk wannan ne ake da hujjar ambaton madabod. Ko a nan ma, ka tambayi mai gyaran abin da ya auna da abin da ya gani, domin wanda ya san aikinsa zai ce maka wuta tana shiga amma layin bolt 3.3 ko na 5 ba ya tashi, ko ya nuna maka kafasitar da ta haɗe wuta, ko tsatsar da ruwa ya bari. Irin waɗannan ana gyara su ta sauya ƙaramin abu guda a kan allon. Wanda kuwa ya kunna ta sau biyu kawai ya ce ta mutu, zato ya yi, kuma ya kamata ka nemi ra'ayi na biyu.

Dangane da ko a gyara ko a sauya, ka duba furosesarta kafin ka kashe mata kuɗi mai yawa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana bukatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD, wadda a kwamfutar cinya take farawa daga jerin Ryzen 3000. Kwamfuta mai shekara huɗu da aka saya sabuwa ta cika wannan sharaɗi, saboda haka batir, fanka, sikirin ko RAM duk sun cancanci a sauya mata. Sauya madabod ɗungurungum ne kawai nake jinkiri a kansa, musamman idan kuɗinsa ya doshi rabin na wata mai irin ƙarfinta.

Yanzu ga maganar kamfani, kuma a nan amsata ba za ta yi wa masu son suna guda daɗi ba. Mafi yawan kwamfutocin cinya ba masu tambarin ne ke harhaɗa su da kansu ba. Kamfanonin Taiwan irin su Quanta, Compal, Wistron da Inventec ne ke ƙera su bisa kwangila, kuma masana'anta ɗaya tana iya yi wa kamfanoni masu gogayya da juna aiki. Furosesa daga Intel ko AMD take, sikirin da RAM da ƙwayoyin batir kuma daga wasu 'yan tsirarun masana'antu. Shi ya sa idan wani sashe ya zo da aibi yakan ratsa tambura da yawa a lokaci guda. A 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1, Apple ya janye miliyan 1.8, saboda ƙwayoyin da Sony ya ƙera waɗanda ke iya kamawa da wuta. A 2008 sassan zane na Nvidia, jerin GeForce 8400M da 8600M, suka riƙa mutuwa a cikin kwamfutocin Dell da HP da Apple saboda mahaɗarsu ba ta jure zafi da sanyi na yau da kullum. Apple, duk da sunan da ya yi wajen ingancin ƙira, ya fito da wani siririn kibod a 2015 wanda 'yar ƙura ke hana haruffansa aiki, har ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, daga baya ya watsar da ƙirar. Babu kamfanin da bai taɓa fitar da samfuri mai matsala ba.

Bambancin da ya fi tasiri yana cikin gida ɗaya ne, tsakanin layin da aka yi don ma'aikatu da wanda aka yi don kasuwar gama-gari. ThinkPad na Lenovo, wanda IBM ya fara a 1992 kafin Lenovo ya sayi sashen a 2005, da Latitude na Dell, da EliteBook da ProBook na HP, an yi su ne don ofisoshin da ke sayen ɗaruruwa su riƙe shekaru, saboda haka hinjinsu ya fi ƙarfi, jikinsu ya fi jure wahala, kayan gyaransu suna daɗewa a kasuwa, kuma kamfanonin suna wallafa littafin da ke nuna yadda ake kwance kowane noti. Ƙananan samfuran IdeaPad, Inspiron da Pavilion suna iya ɗaukar furosesa iri ɗaya da waɗancan, amma inda ake rage kuɗi shi ne inda ba a rubutawa a takardar talla: hinjin da aka ɗaure a jikin roba, fanka ƙarama, sikirin mai dusashen haske. Ka lura cewa sunaye suna sauyawa, domin a farkon 2025 Dell ya sanar da mayar da layin ofis zuwa sunan Dell Pro, HP kuma ya kawo OmniBook a 2024, saboda haka ka tambayi wa aka yi wa samfurin, kada ka tsaya ga sunan da ka saba ji. Asus da Acer suna bayar da ƙarfi mai yawa a kan kuɗi kaɗan, kuma manyan samfuransu ba su da abin kushewa. Ƙanana ne ke bukatar a duba su da kyau.

MacBook yana da nasa hukunci. Tun da Apple ya koma furosesarsa ta M1 a 2020, batirinsa yana daɗewa ƙwarai, zafi kaɗan ne, MacBook Air ma ba shi da fanka sam. Sai dai RAM da ma'ajiya a like suke, ba a ƙarawa ba a sauyawa, abin da ka saya ranar farko da shi za ka ƙare, kuma idan allon ya mutu ba a ciro ma'ajiyar a kai wata na'ura. Wannan likewar ba Apple kaɗai ke yin ta ba, siraran kwamfutocin Windows da yawa ma RAM ɗinsu a like yake, har da wasu ThinkPad.

Saboda haka idan ka tsayar da wani samfuri, ka nemo littafin gyaransa a shafin kamfanin kafin ka biya, ka duba ko RAM yana da gurbi, ko ma'ajiyar M.2 ce da ake cirewa da noti guda, ko batirin da notuka aka ɗaure shi ba da gam ba, ko kibod yana fita shi kaɗai. Ka rubuta cikakkiyar lambar samfurin a intanet tare da kalmar hinji ko zafi, ka ga ko masu shi suna kuka da abu ɗaya. Ka tabbatar garantin yana aiki a ƙasar da kake zaune, domin ba kowane garanti ne ke ƙetare iyaka ba. Ga mai aikin ofis, karatu da intanet, ni zan zaɓi samfurin layin ma'aikatu mai RAM gigabait 16 da SSD na gigabait 512, ko da wanda wata ma'aikata ta yi shekara biyu ko uku da shi ne, a kan sabon samfuri mafi araha na layin gama-gari. In kuwa wanda aka taɓa amfani da shi za ka ɗauka, ka fitar da rahoton batirinsa a gaban mai sayarwa, ka gudanar da gwajin kamfani, ka shiga BIOS ka tabbatar ba a sa masa kalmar sirri ba, sannan ka haɗa shi da intanet ka ga ko saitin Windows zai nemi asusun wata ma'aikata, domin kwamfutar da ba a cire daga rajistar tsohon mai ita ba za ta riƙa komawa hannunsa ko sau nawa aka goge ta.